Romon da Na Ɓoye wa Jolene

Alhamis, 26 ga Nuwamba

Sun tafi. Na wanke komai da kaina, ban bar ko cokali ɗaya a cikin ruwa ba, kada gobe a ce tsohuwa ta fara kasawa.

Bikin Godiya ya wuce lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Talotalon ya gasu, fatar ta yi ja, ƙirjin bai bushe ba. Mu uku ne kacal, ni da ɗana Wendell da matarsa Jolene, amma babba na saya kamar kowace shekara. Ni ban iya gasa ƙaramin tsuntsu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wuƙa. Tun rasuwar mijina Orval, Wendell ke yanka talotalo a teburin nan da wuƙar ubansa. Yau na miƙa masa, sai ya juya ya miƙa wa Jolene. Wai, "Ta fi ni iyawa, Mama." Tun yaushe? Matar da ke yanka burodi kamar tana faskaren itace.

Sai kuma maganar ƙarin abinci. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi. Tayin farko ka ce a'a, na biyu ka ce ka ƙoshi, na uku ka ce to ɗan kaɗan, ka miƙa faranti. Wendell tun yana yaro ba ya jiran na biyu ma. Yau har sau huɗu na yi masa tayi, abin da ko Fasto ban taɓa yi wa ba, ya kife hannu a kan farantinsa. Ya rame kuma. Na ga sabon huji a bel ɗinsa. Ganyayen da matar nan ke ɗura masa da sunan lafiya ne, ba wani abu ba.

Suna saka takalma a baranda na ji ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ba yau ba?" Ya ce, "Na ce miki sai bayan Kirsimeti."

Sun ɗauka kunnena ya mutu. Na hagu ne kawai ya mutu.

Juma'a, 27 ga Nuwamba

Bayan Kirsimeti me?

Na sani sarai. Bayan Kirsimeti aka kai yayar Ardis gidan tsofaffi na hanyar tafki, bara waccan. Aka bari ta ci bikinta, ta buɗe kyaututtukanta, sabuwar shekara na kamawa aka sayar da gidan har da labule. Ardis ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ta ba ni labarin tana kuka a kicin ɗin coci.

Duk saboda butar shayin nan ce ta watan Oktoba. Sau ɗaya na manta da ita a wuta, sau ɗaya tak, kuma ina waya ne. Jolene ce ta shigo ta tarar da hayaƙin. Ba ta ce komai ba, ta buɗe taga kawai. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Mai shiru ya fi ajiya.

A gidan nan na haifi Wendell, a ɗakin gaba Orval ya cika. Ba inda zan je.

Na sale naman daga jikin ƙashi, fari daban, baƙi daban, na raba a leda. Ƙashin kuwa na farfasa shi na ɗora a babbar tukunya da albasa da karas da ganyen seleri, wuta ƙasa-ƙasa tun safe, kuma ina zaune a gabanta ban matsa ba. Da ya huce sai ya kama jikinsa, yana rawa in an taɓa tukunyar. Wannan shi ne romo.

Da rana Jolene ta bugo waya. "Verna, gobe za ki yi haɗin talotalon nan ko? Ina so in zo ki koya mini."

Shekara ashirin da wani abu tana cin haɗin nan duk Lahadin bayan biki, ba ta taɓa tambayar ko gishiri nawa ake sawa ba. Yanzu ne za ta koya? In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Zuwa za ta yi ta tsaya a kaina ta ƙirga abin da na manta, ta kai rahoto. In kuma ta iya, shi ke nan, ko wannan dalilin na zuwa gidana ya ƙare.

Na ce mata ta zo, mana. Na juye romon a kwalabe na kai bayan baranda, na rufe da tsohon bargon Orval. Sanyin waje ya fi firij.

Asabar, 28 ga Nuwamba

Ta zo da rigar girkinta, kamar gidan nan babu.

Ban manta komai ba, Allah na gani. Na jera kaya a tebur tun kafin ta iso: baƙar shinkafar tafki da na jiƙa tun jiya, naman talotalo, albasa, seleri, man shanu, madara, ɓarɓashin busasshen burodi na zubawa a sama. Da kwanon tangaran na mahaifiyata, mai shuɗin baki, wanda ta zo da shi daga gonar iyayenta. Na ga idon Jolene a kansa. Ta ɗaga shi ta leƙa gindinsa inda na liƙa salatef na rubuta sunana. Na ce, "Yana nan, bai goge ba." Ta ajiye.

Ta tambaya da me ake haɗa miyar. Na ɗauko gwangwanin miyar kanti na ajiye mata a gaba, irin wanda kowa ke amfani da shi. Na ce wannan ne. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, me kike tsammani, tsafi?

Da aka zo haɗawa na aike ta ɗakin ƙasa ta ɗauko mini kwalbar tsamin kokwamba, na ce tana can bayan kayan Kirsimeti. Ba can take ba. Kafin ta gama lalube na fita baranda, na zuba romo kwalba guda, na kankare gyaɗar ƙamshi a kai, na juya, na rufe da ɓarɓashin burodi. Gwangwanin ma na zuba rabi don ta ga fanko. Ta hau sama tana haki da yanar gizo a gashinta.

Ta ce, "Ƙamshin har ƙasa." Na ce obin ɗin nan, murhun gashina, tsoho ne, ya san aikinsa.

Ta yi ta tambayoyi masu ban haushi. Wai shinkafar za ta iya fin haka laushi? Wai in an yanka naman ƙanana sosai zai ɓaci? Wato har ta fara lissafin abincin marasa haƙori. Na buɗe baki na nuna mata nawa, na ce duka nawa ne in ban da biyu. Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba.

Ta roƙi rabin naman da ya rage. Na ba ta baƙin, na riƙe farin.

Lahadi, 29 ga Nuwamba

A coci ma akwai abin da ake ciki. Bayan sujada na sauka kicin shan kofi, na tarar da Ardis da matar Fasto da Gunhild sun haɗa kai a bakin famfo. Ina shiga suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ardis ta ce, "Verna, wannan hular ta yi miki kyau." Hular da ta sani shekara goma.

Su Wendell sun zo cin rana. Na ɗora kwanon a tsakiyar tebur yana tafasa a gefe-gefe, saman ya yi ƙus-ƙus. Wendell ya ci. A hankali, amma ya share farantin, har ya sa burodi ya kwashe miyar. Ya ce, "Mama, wannan ne kaɗai abin da ke da ɗanɗanon kansa." Jolene ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe. Kishi ne, me kuma.

Na tambaye shi jikinsa, don na ga yana dafa kujera in zai tashi. Ya ce, "Da sauƙi, bayana ne." Na ce a shekara hamsin da biyu ubanka yana ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa. Ya ce, "Ai shi ya sa ake labarinsa."

Da za su tafi ya rungume ni. Mu ba masu runguma ba ne, ya sani. Mutum ba ya rungumar uwarsa haka kawai sai in yana shirin yi mata wani abu.

Jolene ta manta da farantin kek ɗin kabewarta. Ko ta manta, ko ta bar dalilin dawowa dubiya.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Na duba makullan obin sau biyu kafin in fita. Don kaina na yi, ba don kowa ba.

Talata, 1 ga Disamba

An zuba ƙanƙara jiya har gwiwa. Da safe na tsaya a taga da kofina ina jiran motar share hanya. Wendell ke tuƙa ta a layinmu tun yana saurayi, kuma duk sanda ya zo saitin gidana sai ya danna hon sau biyu, ya kuma kauce kada ya tara mini tudu a bakin ƙofa. Motar ta zo ta wuce shiru, ta bar mini tudu har ƙugu. Gilashin ya yi hazo, ban ga fuska ba.

Ko gaisuwar hon ma yanzu kunya ta hana shi. Na fito da shebur na kwashe tudun ni kaɗai, a hankali, ina fatan maƙwabta suna kallo. Su je su faɗa.

Da yamma a kanti na ci karo da Ardis. Kwandonta cike da taliya da gwangwanayen miya da cuku. Ita kaɗai ce a gidanta, ita da kyanwa. Na ce, "Wa ya rasu?" Ta ce babu kowa. Na ce, "To wa ke kwance?" Ta ce, "Haba Verna, mutum ba zai sayi taliya ba sai an mutu?" Ta yi gaba, kunnuwanta sun yi ja. Ardis ba ta iya ƙarya ba tun muna makarantar Lahadi.

A garin nan ba a kai wa mutum kwano don nishaɗi. In ka ga mace ta fito da kwano a nannaɗe cikin tawul, to ko makoki ne, ko ciwo mai tsanani, ko gobara. Kuma ni ce mai buga waya. Tun Wendell yana goye ni ke kiran mata in ce wance ke kai na Litinin, wance na Laraba. Ba a taɓa kai kwano gidan kowa a cocinmu ban sani ba. Yanzu ana dafawa, ba wanda ya kira ni.

Wato sun riga sun sauke ni. Jolene ta gama zagaye ta shaida musu kan Verna ya fara juyewa.

Laraba, 2 ga Disamba

Wani tunani ya zo mini ina shara. In kwanukan nawa ne fa? In likitan da ya auna ni watan jiya ya faɗa wa Wendell abin da bai faɗa mini ba? Na zauna a bakin gado na latsa jikina ko'ina. Babu komai sai gwiwar nan ta kullum.

Na wuni a taga. Bayan cin rana motar Ardis ta wuce, na hango tawul mai ratsin ja a kujerar gaba. Ba ta tsaya ba, ko juyowa ba ta yi ba. Ta nufi hanyar tafki. Gidan tsofaffin can yake. Ko wata ce ta rasu a can, ɗaki ya samu.

Gidan su Wendell ma can yake, amma me Ardis za ta kai wa mutum biyu masu ƙafafu.

Alhamis, 3 ga Disamba

Jolene ta bugo. Muryarta kamar ta mai mura. Ta ce ta yi haɗin jiya, daidai yadda na nuna mata, bai fito ba. Wendell ya kai cokali biyu ya ajiye.

"Verna, ko akwai abin da na tsallake?"

Na ce ni dai kin ga duk abin da na yi. Wataƙila obin ɗinki ne, na zamanin nan ba su da haƙuri. Sai ta ce, "To. Na gode." Ta ajiye.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Su kai ni hanyar tafki su gani wa zai ciyar da shi.

Daɗin bai kai yamma ba. Ban san dalili ba, abincin dare ya ƙi shiga.

Juma'a, 4 ga Disamba

Farantinta yana nan yana kallona. Ba zan jira ta zo da hujja ba. Ba a mayar da faranti fanko, ko na maƙiyi ne, don haka na toya biskit na man shanu na jera a kai. Litinin zan kai da kaina, da motata, ba tare da waya ba. Su ga ko wadda ta rikice tana iya tuƙi a kan ƙanƙara. In na samu Wendell ya dawo daga aiki zan tambaye shi ido da ido, kafin Kirsimetin nasa.

Lahadi, 6 ga Disamba

Su Wendell ba su zo coci ba. Fasto ya yi addu'a ga "waɗanda ke cikinmu masu ɗauke da nauyi a ɓoye." Gunhild ta waiwayo ta dube ni. Na dube ta har ta mayar da kanta.

Litinin, 7 ga Disamba



Na isa da rana tsaka. Motar Wendell tana ƙofar gida, ƙanƙara ta rufe gilashinta, ta kwanaki ce ba ta yau ba. Na bi ta gareji kamar yadda na saba. A lokacin sanyi kowa garejinsa ne firij ɗinsa.

Suna jere a kan bencin aikinsa, inda yake ajiye zarto da guduma. Kwanuka, rufe da takardar gashi, wasu da tawul ɗinsu. Ban buƙaci salatef ba. Ga mai ruwan ƙwai na Ardis da ya tsage a hannu. Ga na Gunhild mai zanen zakara. Ga na matar Fasto, ga na Borghild da ba ta fita ko'ina tun da ƙugunta ya karye. Duk da haka na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na karanta sunan da ke gindi, ina fatan in ga na yi kuskure. Waɗannan kwanukan su suka cika mini kicin shekarar da Orval ya kwanta. Ni na wanke su na mayar.

Yawansu ya wuce na karaya ko na mura. Irin wannan jerin sai ciwon da ake sa ran zai daɗe.

Ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ƙarshe a gefe na Jolene ne, haɗin talotalon, an ɗebi loma biyu a kusurwa.

Ƙofar kicin a buɗe take kaɗan. Na hango Wendell a doguwar kujera, ranar Litinin, da rana, yana barci da hular ulu a kansa cikin ɗaki mai ɗumi, bargo har wuya, bokiti a gefen ƙafarsa. Bakinsa a buɗe. Fuskar Orval ce sak, ta watannin ƙarshe. Yaron da na haifa.

Ban san na zauna a matakalar gareji ba sai da Jolene ta fito da kwandon wanki ta gan ni. Farantin biskit yana kan cinyata. Ta ja ƙofar a hankali ta zauna kusa da ni a kan siminti mai sanyi.

Na ce, "Ina ne?"

Ta ce, "Hanji. Ciwon daji, irin na babansa." Tun Satumba suka sani. An fara ƙarin ruwan maganin a birni, duk bayan mako biyu. Maganin ya sa komai yana masa ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yatsunsa sun mutu, shi ya sa wuƙar.

Na ce duk gari sun sani ban da uwarsa.

"Shi ya hana, Verna. Ya sa Ardis ta yi alkawari. Ya ce kin zauna a kujerar asibitin nan sau ɗaya, ba zai sake zaunar da ke ba sai ya zama dole. Ya ce a bar ki ki ci Kirsimeti." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni na so a faɗa miki tun ranar biki. Na gaji da yi miki ƙarya, ban ma iya ba."

Na ce, gidan tsofaffi fa? Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Wane gidan tsofaffi?"

Sai ta ce, "Naki kaɗai ya zauna masa a ciki tun da aka fara. Na yi ta gwadawa, ban san me ke damun hannuna ba."

Na miƙa mata farantin na ce biskit ne. Na tashi na shiga mota. Ban yi kuka ba sai da na wuce gidan mai, can na tsaya a gefen hanya. Ina tsoro. Tun mutuwar Orval ban ji tsoro irin wannan ba, kuma wancan ma bai kai wannan ba.

Talata, 8 ga Disamba

Tun da safe na kira Jolene. Na ce ta zo, ta bar rigar girkinta a gida, akwai a nan.

Na kai ta bayan baranda na yaye bargon Orval. Kwalabe huɗu sun daskare kamar dutse. Ta dube su, ta dube ni. Na ce, "Romon ƙashi ne. Da gyaɗar ƙamshi, kankara uku, kada ki wuce. Gwangwanin nan ki ba kyanwar Ardis."

Ta ce, "Kokwambar fa?"

Na ce tana cikin firij tun farko.

Na zaci za ta yi fushi, da haƙƙinta. Sai ta fashe da dariya har ta dafa bango, dariyar ta juye ta zama wani abu, na tsaya ina riƙe da kwalba ban san inda zan sa hannuna ba. Na ce ta shigo kafin mu daskare mu biyu.

Ita ta yi komai, ni ina zaune. Na sa ta bar shinkafar ta ƙara dahuwa har ta fashe, na sa ta yanka farin naman ƙanana-ƙanana. Ta fi ni saurin yanka albasa, wannan kam gaskiya ne. Miyar ta so ta yi gudaji, na ce ta rage wuta ta daina tsoronta. Na nuna mata yadda ake farfasa ƙashi, don kwalba huɗu ba za su kai mu bazara ba. In talotalo ya ƙare a kanti, na kaza ma yana yi.

Na nannaɗe kwanon mahaifiyata a tawul na ɗora a cinyata, ita ta tuƙa. Na ce ba ta gareji za mu bi ba. Ta ƙofar gaba, kuma ni zan ƙwanƙwasa.

Shi ya buɗe, da hularsa. Ya dubi tawul ɗin, ya dube ni. Ɗan garin nan ne, ba sai an yi masa bayani ba.

Ya ce, "Mama, ai yau ba Lahadi ba ce."

Na ce na sani.

"Ardis ce ko?"

Na ce garejinka ne, sakarai. Wa ya ce maka ana ɓoye wa mai buga waya kwano?

Ya matsa na shige. Ya ci rabin faranti. Na yi masa tayi ya ce a'a, na sake ya ce ya ƙoshi. Na tsaya da cokali a hannu, na yi na uku. Ya ce, "To ɗan kaɗan." Ya miƙo farantin da hannu biyu.

Ya ce da Jolene, "Kin ji bambancin? Hannun Mama daban ne." Ta buɗe baki, na taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Sai kuma na ce, ita ta dafa. Ban san me ya sa na faɗa ba.

Alhamis, 10 ga Disamba

Gobe ƙarin ruwa a birni. Ya ce ba sai na je ba. Na ce ban tambaye shi ba. Na haɗa saƙata da matashin zama, na san kujerun nan.

Na kira Ardis na wanke ta tas, ta yi kuka, na ce ya isa. Na ce ta shaida wa mata su daina taliya da cuku, ba ya iya ci. Duk wadda ke da ƙashin talotalo a firiza ta kawo gidan Jolene. Gunhild tana da biyu, na san ta, ba ta zubar da komai.

Har yanzu ina ganin ganyen ya yi yawa a gidan nan. Kuma wanda ke tuƙa motar share hanya yanzu bai san aiki ba.

Jolene ta wanke kwanon mahaifiyata jiya, tsohon salatef ɗin ya jiƙe ya fita. Ta kawo mini alƙalami ta ce in rubuta sabo kafin ya ɓace cikin na mutane. Na ce sai an jima, na bar kwanon a kan kantarta kusa da obin.

Salatef ɗina ne ya ƙare. Ban kuma ga dalilin fita kanti cikin wannan sanyin ba.